Leza mai gajeriyar walƙiya: yaya take yanka ido ba ta dafa shi ba?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina shekara ta uku a karatun gwaje-gwajen asibiti. An koya mana cewa zafi yana lalata furotin, shi ya sa ba ma barin samfurin jini a rana. To ga shi za a yi wa yayana aikin gyaran gani a Alƙahira, likitan ya ce da leza ta femtosakan za a yi, wai ita ba ta ƙuna. Na kuma karanta cewa ƙarfin walƙiyarta yakan kai miliyoyin wat. Yaya abu mai wannan ƙarfi zai ratsa ido, wanda ruwa ne da furotin, bai dafa shi kamar ƙwai ba? In kuma aka haska ta a ruwan jini, me zai sami furotin ɗin ciki?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yayanki lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a.

Tambayarki biyu ce aka ɗaure wuri guda: me ya hana wannan haske dafa nama, kuma in bai dafa ba, me yake yi. Likitan ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa, daidai abin da majinyaci ke bukata. Ke da za ki riƙe samfuri a hannunki, sai kin ji sauran rabin. Na shafe shekaru ina harba irin wannan leza cikin ruwan furotin a wani ɗakin bincike a Turai, na kuma ɓata samfurin da ban san adadinsa ba kafin in gane cewa rashin ƙuna ba ya nufin rashin ɓarna.

Mu fara da kalmar da ta ruɗa ki, wato ƙarfi. Wat ba awon yawan makamashi ba ne, awon saurin zubo shi ne. Cokali guda na ruwa, in kika iya juye shi cikin lokaci ƙanƙani matuƙa, saurin kwararsa zai fi na kogin Kwara, amma dai cokali guda ne, ko zanenki ba zai jiƙa ba. Femtosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. In kika kwatanta shi da daƙiƙa guda, kamar kin kwatanta daƙiƙa ce da shekara miliyan 32. Hasken da ke isa wata daga nan cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, a femtosakan 100 maikuromita 30 kawai yake tafiya, bai kai kaurin gashin kai ba. Saboda haka walƙiya mai makamashin maikurojul 1, wato kashi ɗaya cikin miliyan na jul da ake auna makamashi da shi, in aka dunƙule ta cikin femtosakan 100, ƙarfinta megawat 10 ne. In aka kai ta maikurojul 100, ta zarce megawat 760 na injinan da aka girka a tashar Kainji. Amma wannan maikurojul 1 ɗin, da za ki baza shi cikin ɗigon ruwa guda, zafin ɗigon ba zai ƙaru da fiye da kashi 5 cikin miliyan na digiri ɗaya ba.

Dabarar samun irin wannan walƙiya ba tare da ta fasa na'urar kanta ba, Donna Strickland da Gérard Mourou ne suka fito da ita a Jami'ar Rochester ta Amurka a 1985. Sai a ja walƙiyar ta yi tsawo, a ƙara mata makamashi tana a miƙe, sannan a sake dunƙule ta. A kan wannan aka ba su kyautar Nobel a 2018.

Dafawa tana bukatar lokaci

Kin san furotin sarƙa ce ta amino asid. Albumin na jinin mutum yana da guda 585 a jere. Amma ba jerin ne ke aiki ba, naɗin ne. Ki ɗauke shi kamar rawani: yadi ne mai tsawo, sai an naɗa shi yadda ya dace yake zama rawani, kuma abin da ke riƙe da naɗin ba ɗinki ba ne, 'yan soke-soke ne masu rauni da yawa, sai wasu ƙulle-ƙulle masu ƙarfi na salfa, waɗanda a albumin guda 17 ne. Zafi ba wani abu ba ne illa karkarwar ƙwayoyin zarra. In karkarwar ta yi yawa, soke-soken suna saki ɗaya bayan ɗaya, cikin naɗin mai gudun ruwa ya fito fili, ya manne da na maƙwabcinsa. Wannan mannewar ce farin da kike gani a wainar ƙwai ta mai shayi. Ga albumin da kolajin, wato furotin ɗin fatar ido, abin yana farawa ne daga wajen digiri 60.

Sai dai warware rawani ba ya yiwuwa nan take. Sarƙar doguwa ce, tana cikin ruwa mai riƙe ta, ko da zafin ya yi tsanani tana bukatar nanosakan masu yawa zuwa maikurosakan kafin ta saki (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa, maikurosakan kuma kashi ɗaya cikin miliyan). Kin taɓa ganin tsoho ya ɗauki garwashi da yatsu ya cilla a kasko? Garwashin yana da zafin da zai gasa nama, amma bai daɗe a hannun ba. Dahuwa zafi ce da lokaci a haɗe.

Yanzu ki jera lokutan. Walƙiyar tana ƙarewa cikin femtosakan 100 zuwa 'yan ɗaruruwa. Ƙwayoyin ruwa suna sauya maƙwabta cikin kamar fikosakan ɗaya ko biyu, wato femtosakan dubu ɗaya ko dubu biyu. Sauti, wanda shi ne hanyar da matsi ke bi ya fita, yana gudun mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, don haka yana ƙetare maikuromita ɗaya cikin ƙasa da nanosakan ɗaya. Zafi kuma ya fi kowa nawa, sai ya ɗauki maikurosakan ɗaya ko biyu kafin ya bar wannan ɗan wuri. Ma'ana, a lokacin da hasken ke ciki, furotin a tsaye yake cak, ruwan ma kusan haka. Abin da kawai ke da saurin amsa wa hasken shi ne ilektaron. Duk labarin daga gare shi yake farawa, sauran abubuwa kuwa bayan haske ya wuce suke faruwa.

Ruwa ne ke karɓar bugun farko

Lezojin nan galibi suna aiki da haske mai tsawon zango tsakanin nanomita 800 da 1,050 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), wato ɗan gaba da launin ja, inda ido ba ya gani sosai ko ba ya gani sam. A wannan zango ruwa kusan garau yake, furotin ma haka. Furotin yana shan haske ne a can wajen nanomita 280, ta hanyar amino asid biyu, tiriftofan da tairosin, abin da kuke aunawa a na'urarku ke nan. Ƙwayar haske guda ta nanomita 800 makamashinta ilektaron-bolt 1.55 ne, alhali fizge ilektaron daga ruwa yana bukatar abin da ya kama daga 6.5 zuwa wajen 9.5, gwargwadon hanyar da aka bi. Ƙwaya ɗaya ba ta isa ba, don haka sai ta wuce abinta. Dalilin da ya sa hasken ke ratsa hawaye da saman ido bai taɓa su ba ke nan.

Amma in ƙwayoyin haske suka yi cincirindo a wuri guda a lokaci guda, sai su yi karo-karo. Biyar zuwa bakwai su haɗa abin da ke hannunsu su biya kuɗin fizge ilektaron ɗaya. Maria Goeppert-Mayer ce ta fara lissafa yiwuwar shan ƙwaya biyu tare, a kundin digirinta a Göttingen ta Jamus a 1931, shekara kusan talatin kafin a ƙera leza ta farko a 1960. Muhimmin abu a nan shi ne karo-karon bai tafiya daidai da tsananin haske. In ana bukatar ƙwaya biyar, kika rage tsananin da rabi, abin da ke faruwa ya ragu sau 32. Shi ya sa yake faruwa a matattarar hasken kaɗai, inda gilashi ya tara shi ya zama ɗigo, kamar yadda yara ke ƙona takarda da tabarau a rana. Bambancin shi ne a nan ɗigon yana iya zama a tsakiyar nama, gabansa lafiya, bayansa lafiya.

Ilektaron ɗin da ya kuɓuce yana ci gaba da shan haske, ya yi gudu, ya bangaji wata ƙwayar ruwa ya fizgo wani. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. In tsananin ya kai wajen wat tiriliyan 10 a murabba'in santimita, ɗigon ya cika da sakakkun ilektaron. Don ki ji girman adadin, ranar tsaka tana zubo kusan wat 0.1 ne a murabba'in santimita. Masana fiziks suna kiran wannan yanayi filasma, kuma kada ki haɗa ta da filasmar da kuke warewa daga jini, suna ne kawai ya zo ɗaya. Alfred Vogel da abokan aikinsa a Lübeck ta Jamus su ne suka fi kowa bin diddigin wannan al'amari a cikin ruwa, kuma dogon bayanin da suka fitar a 2005 shi ne abin da mu masu wannan aiki muka yi ta komawa gare shi.

Cikin 'yan fikosakan ilektaron ɗin suna miƙa makamashinsu ga ruwa. Ɗigon ya ɗau zafin da ya wuce na tafasa, amma bai samu damar kumbura ba tukuna, sai matsi ya taru. Matsin ya fita da ƙarfi, ya bar rami a bayansa, wato kumfa, ta buɗe ta sake rufewa cikin ƙiftawa. Furotin ɗin da ke cikin wannan ɗigo kam ya gama yawo, babu batun warware naɗi, sarƙar ce ta tsintsinke. Wannan shi ne yankan. To me ya hana na gefe dahuwa? Ƙanƙantar makamashin. Zafin da ke cikin ɗigo mai faɗin maikuromita ɗaya ko biyu, da ya bazu cikin naman da ke kewaye ya tsarma, kamar ɗigon ruwan zafi a randa.

A nan gajartar walƙiya ke da riba. Akwai wata leza da manyan asibitocin ido ke amfani da ita wajen huda yanar da kan taso bayan an yi aikin yanar ido, ana ce mata YAG. Ita ma filasma take yi, amma walƙiyarta ta nanosakan ce, don haka sai an zuba milijul ɗaya ko fiye kafin a kai tsananin da ake so. Ta femtosakan tana kai wa da maikurojul ɗaya ko ƙasa, ragin ninki dubu ke nan. Faɗin kumfa kuwa yana bin makamashi ne ta yadda ragin ninki dubu ke rage shi kusan sau goma. Ta nanosakan tana yi wa abu ɓarin makauniya, ta femtosakan tana ɗiga masa allura.

Yadda abin ya shigo aikin ido ma tsautsayi ne ya kawo. A 1993, a ɗakin binciken Mourou a Jami'ar Michigan, haske ya sami wani ɗalibi a ido. Likitan da ya duba shi, Ron Kurtz, ya yi mamakin yadda tabon ya fita tsaf, babu ƙuna a gefensa. Shi da Tibor Juhasz suka bi wannan zare, suka kafa kamfanin IntraLase a 1997. Abin da na'urar ke yi a yau shi ne jera dubban ɗaruruwan kumfa gefe da gefe a zurfi guda cikin fatar gaban ido mai garai-garai, wadda kaurinta ya ɗan wuce rabin milimita. Sai su zama layin huji irin na kan sarki ko takardar rasit, likita ya ɗaga ɓawo mai kaurin maikuromita 100 zuwa 120 ba tare da wuƙa ba. Wani lokaci iskar kumfar takan sa wurin ya yi fari na ɗan lokaci kafin ta watse, kuma wannan farin iska ce, ba dahuwa ba.

Inda ɓarnar take ɓuya

Ga rabin da likitan bai faɗa ba, kuma shi ya fi shafar aikinki. Tsakanin hasken da ke wucewa salin-alin da hasken da ke yin kumfa akwai fili mai faɗi. A cikinsa ana fizge ilektaron, amma ba su kai yawan da za su tafasa komai ba. Ba ƙara, ba kumfa, ma'aunin zafi bai motsa ba. Sai dai ilektaron ɗin nan ba sa komawa gida haka kawai. Cikin ƙasa da fikosakan ɗaya ƙwayoyin ruwa suna kewaye kowanne su riƙe shi, ya zama abin da ake kira jiƙaƙƙen ilektaron, wanda Hart da Boag suka fara ganin alamarsa a 1962. Ƙwayar ruwan da aka yi wa fashin kuma nan da nan take rikiɗa ta zama OH, guntun ƙwayar ruwa mai neman abin da zai cafka. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da hasken eksire ke haifarwa a jiki. Wato a cikin wannan ɗan ɗigo, hasken da ya shigo a matsayin mara cutarwa yana yin aikin eksire.

OH ba ya zaɓe, amma ya fi saurin kama amino asid irin su mesiyonin, sistin, tiriftofan da tairosin. Yana iya ɗinke tairosin na wannan furotin da na wancan su zama abu guda. Jiƙaƙƙen ilektaron shi kuma gwanin tsinke ƙullin salfa ne. A 2000 ma, ƙungiyar Léon Sanche a Sherbrooke ta Kanada ta nuna cewa ilektaron masu ƙaramin makamashi, daga bolt 3 zuwa 20, suna iya tsinke zaren DNA. Ga kuma hanya ta kai tsaye: ƙwaya uku ta nanomita 800 in suka haɗu daidai suke da ɗaya ta nanomita 267, wadda ta faɗa cikin yankin da tiriftofan ke sha. Sakamakon duka ɗaya ne, rawani ya saki, ya manne da wani, kamar dai an dafa shi, alhali ruwan da sanyinsa.

Ni da kaina na sha wannan. A watannina na farko ina auna ruwan albumin na shanu a 'yar kwalbar gilashi, sai na ga alamar da nake aunawa tana ƙaruwa sannu a hankali tsawon yini. Na yi murna, na ɗauka wani sabon abu na gano, har na fara tsara yadda zan gabatar. Wani tsohon ma'aikacin ɗakin ya ciro kwalbar, ya ɗaga ta saitin fitila, ya nuna mini wani ɗan farin tabo kamar kan allura manne a jikin gilashin, daidai inda hasken ke shiga. Furotin ne ya dunƙule a wurin, shi nake ta aunawa tun safe. Da muka gudu da samfurin a jel, ga layuka nan a sama da inda albumin ya kamata ya tsaya, alamar biyu-biyu da uku-uku sun ɗinke. Daga ranar ban sake auna furotin a ruwa mai tsayawa ba. Ko dai famfo yana zagaya da shi, ko kwalbar tana juyawa, kuma sai na auna shan haskensa kafin aiki da bayan aiki.

Akwai kuma dawowar zafi ta bayan gida. Duk lissafin da na yi miki a sama na walƙiya guda ne. Lezar da ake haɗawa da madubin duba ƙwayoyin halitta tana harba walƙiya miliyan 80 a daƙiƙa, tsakanin wata da wata nanosakan 12.5. Mun ce zafi yana bukatar maikurosakan kafin ya bar ɗigon, don haka kafin na farko ya fita, ɗari sun biyo baya. Da yayyafi kogi kan cika. In ruwan ba ya shan hasken, abin da ke taruwa kaɗan ne, shi ya sa ake iya kallon ƙwayar halitta mai rai da miliwat kaɗan, dabarar da Denk da Strickler da Webb suka fito da ita a Cornell a 1990. Amma da akwai abu mai launi a wurin, ko tabo irin nawa ya fara fitowa, shi ke nan, tabon ya sha haske, ya yi zafi, ya jawo wani furotin, ya ƙara girma. Wannan kam dahuwa ce ta gaske.

Masu dabara sun juya wannan ɓarna ta zama aiki. A 2018 ƙungiyar Sinisa Vukelic a Jami'ar Columbia ta yi amfani da wannan matsakaicin tsanani da gangan don ɗinke zaruruwan kolajin a idon alade da na zomo, siffar fatar idon ta sauya ba tare da yanka ba. A Osaka ta Japan kuma, tun 2003, Hiroshi Masuhara da abokansa sun nuna cewa harba walƙiyar cikin ruwan laisozaim na farin ƙwai yana sa furotin ɗin ya fara jeruwa ya zama kiristal, saboda kumfar tana tattaro shi a gefenta.

In aka haska ta a jini

Ya danganta da wane jini kike nufi. Tataccen ruwan jini fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, da furotin giram 60 zuwa 80 a lita, fiye da rabinsa albumin. Ga leza, wannan kusan ruwa ne mai ɗan kauri, duk abin da na faɗa a sama ya hau kansa. Bambancin shi ne OH ba ya yin nisa, don ko'ina ya juya akwai furotin, kuma albumin ne ke shan yawancin dukan saboda yawansa da kuma sistin guda da yake da shi a sake.

Da jajayen ƙwayoyi suka shigo, lissafi ya sauya. Na farko, suna warwatsa haske, ɗigon ba ya taruwa tsaf in an shiga ciki da nisa. Na biyu, himoglobin, furotin ɗin da ke ba jini launin ja, yana shan haske ƙwarai a wajen nanomita 415, wanda ƙwaya biyu kacal ta nanomita 830 ke biya. Karo-karon mutum biyu ya fi na mutum biyar sauƙin haɗuwa, don haka himoglobin yana fara amsawa tun ruwa bai san ana yi ba, kuma yana mayar da kusan duk abin da ya sha zafi cikin 'yan fikosakan. An lura cewa in aka ci gaba da haska jar ƙwaya haka, sai ta fara ƙyalli, har ana amfani da wannan wajen ɗaukar hotonta ba tare da rini ba. Amma abin da ke ƙyallin himoglobin ne da hasken ya riga ya sauya. Saboda haka samfurin da jajayen ƙwayoyinsa suka fashe, wanda dama kuna ƙin karɓa, a gaban leza ma wani abu ne daban da tataccen ruwan jini.

Za ki iya cin karo da labarin cewa ana kashe ƙwayoyin bairos a ruwan jini da wannan leza ba tare da an taɓa furotin ba. Asalinsa aikin K. T. Tsen ne na Jami'ar Jihar Arizona, daga 2007, wanda ya ce walƙiyar tana girgiza ɓawon bairos ɗin har ya tarwatse. Wasu da suka maimaita gwajin ba su ga abin da ya gani ba, kuma ana ta muhawara a kan ko girgiza ce ko sinadaran da na ambata ne ke aikin. Ni dai ra'ayina, abin da ya isa ya lalata furotin na ɓawon bairos sai an kawo hujja mai ƙarfi kafin in yarda ya bar na jini lafiya. Har yau ba da wannan hanya ake tsabtace jinin da ake ƙara wa mutane ba.

Lokacin da ake son kallo kawai

In aka rage tsananin ƙasa da duk wannan, walƙiyar ta zama fitilar ɗaukar hoto, kuma a ganina nan ne ta fi burgewa. Ana harba ɗaya ta tayar da abu, a biyo da ta biyu bayan 'yan femtosakan ta duba inda ya kai. Ahmed Zewail, ɗan Damanhur ta ƙasar da yayanki zai je, da wannan ya ci Nobel a 1999 yana Caltech. Daga baya ya juya kan furotin, ya nuna cewa ruwan da ke manne da jikinsa ya fi ruwan sarari nawa, wani sashensa yana ɗaukar gomman fikosakan kafin ya motsa. A 1991 kuma masu bincike a Berkeley suka auna matakin farko na gani: sinadarin da ke cikin furotin rodofsin a bayan ido yana murɗewa cikin femtosakan 200 da haske ya taɓa shi. Idon da ake wa aiki da femtosakan, ashe shi ma da femtosakan yake fara aikinsa.

Abin da zai iya iso ɗakin gwajinki wata rana shi ne auna ruwan jini ba tare da zuba masa sinadari ba. Ƙashin bayan kowane furotin yana da karkarwa a yankin infirared wadda ke nuna irin naɗinsa, amma ruwa yana sha a daidai wurin, ya rufe ta. Karkarwar ruwan tana mutuwa da wuri, ta furotin tana ɗan daɗewa, don haka in aka jira 'yan ɗaruruwan femtosakan sai muryar furotin ta fito. Da wannan dabara ƙungiyar Neil Hunt a Birtaniya ta bambanta albumin da gulobulin, ɗaya rukunin furotin na jini, a ruwan jini a 2019. Ferenc Krausz, wanda ya samu Nobel a 2023, yana bin wata hanya makamanciya a Munich da Budapest, yana neman alamun cuta a dubban samfuran jini. Duka biyun bincike ne tukuna, ba gwajin da likita ke rubutawa ba.

Akwai ma wanda ya taɓa mu kai tsaye. Da lezar eksire ta Stanford ana harba walƙiya mai tsananin da ke mayar da ɗan kiristal ɗin furotin ƙura, amma saboda gajartarta, hoton ya riga ya fita kafin ƙwayoyin zarra su motsa. Cikin sababbin siffofin farko da aka gano ta wannan hanya, wajen 2012, akwai wani furotin na ƙwayar cutar barci, dangin wadda tsando ke sa wa shanu sammore.

Game da yayanki, ni ba likitan ido ba ne, abin da na sani ya tsaya ne a kan haske da ruwa da furotin. Ta wannan fuska, walƙiyar aikin ido tana sauka sau ɗaya a kowane ɗigo ta matsa gaba, ba ta zama wuri guda kamar yadda tawa ta zauna a kan albumin, kuma fatar gaban ido ba ta da himoglobin, don haka dahuwa ba ita ce abin damuwa ba. Abubuwan da suka fi cancantar ya tambaya su ne kaurin fatar idonsa da abin da zai rage bayan aiki, ko siffarta ta dace da aikin, da batun bushewar ido, wanda kan biyo baya saboda yankan yana ratsa ƙananan jijiyoyi. Ya kuma tambaya wace hanya za a bi: ɗaga ɓawo sannan a goge ƙarƙashinsa da wata leza ta daban mai nanomita 193, ko yanko ɗan faifai daga ciki a zaro shi ta ƙaramar ƙofa. Kuma tun kafin ya tafi, ya san wane likita ne zai riƙa duba shi in ya dawo gida.